Ƙarfin Ruwa Kafin Kyan Famfo

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, mai fataucin kayan famfo tsakanin Kano da Maraɗi, ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya.

 

  Waɗanda muka fara tafiyar nan da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, Ya sa mu cika da imani.

Da sakatare ya same ni a shago ya ce kwamitin biki na so in yi magana, na ce masa ya nemi mai ilimi. Ya ce a'a, Baba, abin da ka sani shi za ka faɗa. To abin da na sani famfo ne. A kansa na yi gemu, a kansa gemun ya yi fari. Na san a cikinku akwai masu atamfa, akwai masu wake da albasa, akwai masu dabbobi, kuma wani zai ce ina ruwansa da famfon kicin. Ka yi haƙuri ka saurara. Kana da gida, kana da iyali, wata rana za ka aurar da 'ya ka yi mata kayan ɗaki. Kuma darasin da famfo ya koya mini, ina ganin babu fataucin da bai shafa ba.

Bari in fara da asarar da na yi, don ita ce makarantata.

Shekarun baya na shiga Ƙofar Ruwa a Kano yin sari, na ga wasu sababbin famfuna na kicin, masu dogon wuya kamar raƙumi, hannu ɗaya, ana ɗaga shi ruwa ya zo, bakinsu ma ana iya jawo shi da tiyo a wanke tukunya. Ƙyallinsu ya ɗauke mini ido. Na zuba kusan rabin jarina a kansu. Na biyo ta Katsina, na biya abin da ake biya a Jibiya, na biya na duwan a Ɗan Isa, na sauke a Maraɗi ina murna. Wanda ya fara saye wani Alhaji ne, ɗan kwangilar gine-gine, tsohon abokin cinikina, yana gyara gidan da za a kai 'yarsa. Ya ɗauki uku bai ko taya ba.

Bayan biki da kwana kaɗan sai ga shi da famfo ɗaya a leda, fuska a ɗaure. Ya ce Alhaji, ka kunyata ni gaban surukaina. Amarya tana buɗe famfo ruwa na zirara kamar zare, kafin ta cika tukunya wuta ta cinye itace. Na ce ba zai yiwu ba. Na sa yaro ya ɗaura shi a bututun bayan shagona, inda ruwan gari ke zuwa da ƙarfi, muka buɗe, ruwa ya fito har yana fantsama mana a riga. Na ce ka gani? Kayana lafiya lau, mai gyaran famfonka ne bai iya aiki ba. Ya dube ni, ya ɗauki ledarsa, ya tafi. Shekara huɗu bai sake taka ƙofar shagona ba, kuma duk gidajen da ya gina a shekarun nan wani ya ci cinikinsu.

Abin bai tsaya a kansa ba. Na tura wasu Tawa, na tura wasu Damagaram, aka fara dawo mini da su ɗaya bayan ɗaya. Ku kun san abin da dawo da kaya yake nufi ga mai fataucin ƙetare. Kuɗin mota ya tafi, kuɗin kwastan ya tafi, canji tsakanin naira da sefa ya motsa, kuma wanda ya ƙera kayan yana can Sin, ba ka da inda za ka same shi.

Wani tsohon mai gyaran famfo, Allah Ya jiƙansa, shi ya buɗe mini ido. Ya kai ni gidan amaryar nan, ya nuna mini tankin ruwa a kan wani ɗan gini da bai wuce mita 2 ba. Ya ce Alhaji, da famfonka da mai gyara duk ba su da laifi. Ka sayar wa gida famfon da ba nasa ba ne. Sannan ya ɗauko kwalin famfon, ya nuna mini wani ɗan rubutu a gefe da ban taɓa kulawa da shi ba.

Abin da ya koya mini a ranar shi zan ba ku, a sauƙaƙe.

Ruwa a bututu abu biyu ne da shi: yawa da ƙarfi. Yawa shi ne lita nawa ke fita a minti ɗaya. Ƙarfi shi ne yadda ake tura ruwan daga baya. A gidan da ke shan ruwan tanki, abu ɗaya ne ke ba ruwa ƙarfi, shi ne tsayi. Girman tanki ba ya ƙara ƙarfi. Tanki mai lita 500 da mai lita 5,000, in saman ruwansu yana tsayi ɗaya, ƙarfin da za su bayar ɗaya ne. Babban zai fi daɗewa bai ƙare ba, shi ke nan. Mutane da yawa suna sayen ƙaton tanki don ruwa ya yi ƙarfi, alhali da sun ƙara wa ginin da ke ɗauke da shi tsawo da ya fi musu.

Ma'aunin da ake rubutawa a kwali sunansa bar. Ku riƙe wannan lissafi ɗaya, ya ishe ku: tsayin ruwa na mita 10 shi ne kusan bar 1. Ke nan kowace mita ɗaya tana ba da bar 0.1. Ana aunawa ne daga saman ruwan da ke cikin tanki zuwa bakin famfo inda ruwa ke fita, ba daga ƙasa ba.

Mu koma gidan amarya da wannan lissafi. Gini mita 2, ruwa a cikin tanki in ya cika ya ƙara kamar mita 1, ya zama 3. Wurin wanke-wanke na kicin yana kusan santimita 90 daga ƙasa, dogon wuyan famfo ya ƙara kamar 30, ke nan bakin famfo yana mita 1.2. Cire 1.2 daga 3, saura mita 1.8. Ƙarfin ruwan gidan bai kai bar 0.2 ba, ranar da tanki ya cika ke nan. In ya kusa ƙarewa kuwa, ko rabin hakan bai kai ba. Famfon da na sayar musu kuma an rubuta a kwalinsa cewa yana bukatar aƙalla bar 1. Kafin ya yi aiki yadda aka ƙera shi, sai an ɗaga tankin ya kai tsawon bene mai hawa uku. Shekara da shekaru ina sayar da famfo ban san wannan ba.

Me ya sa wani famfo ke bukatar ƙarfi, wani ba ya bukata? Hanyar da ruwa ke bi a cikinsa ce. Tsohon famfonmu na tagulla, wanda ake murɗawa sau uku ko huɗu, mai roba a ciki, in ka buɗe shi ƙofa ce wangale, ruwa komai rauninsa zai wuce. Na zamani mai hannu ɗaya kuwa, a cikinsa akwai wasu 'yan fayafai biyu na tangaran masu ƙananan huji, ɗaya na zamewa a kan ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai siraran tiyo biyu da raminsu bai fi kaurin fensir ba. A bakinsa akwai 'yar rariya da ke gauraya ruwa da iska, wani lokaci ma da wata 'yar roba da aka sa musamman don rage yawan ruwa. Mai bakin da ake jawowa kuma ya ƙara da dogon tiyo da ruwa zai zagaya a ciki. Kowanne daga cikin waɗannan shinge ne. Kun san yadda shinge yake a hanya: mai ƙarfi ya wuce, mara ƙarfi ya kwana. An ƙera irin waɗannan famfuna ne don gidajen da ruwa ke shigowa da ƙarfin bar 2 ko 3. Akwai na zamani da aka ƙera don ruwa mai rauni, masu faɗin hanya, suna aiki daga bar 0.2 ko 0.5, amma sai ka neme su, kuma da ido kaɗai ba ka rarrabe su.

Don haka a karanta kwali. Nan kuma akwai tarko, don ba kowace ƙasa ke rubuta bar ba. Kayan Sin sau da yawa MPa suke sawa, kuma 0.1 MPa shi ne bar 1. In ka ga 0.05 MPa, rabin bar ne, wato tsayin mita 5. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka psi suke sawa, kuma psi 14.5 shi ne bar 1. Wasu masu gyara za ka ji suna cewa kilo, shi ma kilo ɗaya kusan bar ɗaya ne. Kwalin da ba a rubuta komai a kansa ba, masu zuwa Guangzhou da Dubai sari ku tambayi mai kaya, ku sa ya rubuta muku. In ya kasa faɗa, ɗauki guda ɗaya ka gwada a gida kafin ka cika kwantena. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani abin da ya shafe mu mu 'yan iyaka fiye da kowa, shi ne sunan awo. Abin da ake kira rabin inci a Kano, shi ne 15/21 a bakin mai gyaran famfo na Maraɗi ko Yamai, don lissafin Faransa suke bi. Inci uku bisa huɗu shi ne 20/27. Zarensu ɗaya ne, suna shiga juna lafiya. Amma akwai 12/17, wato inci uku bisa takwas, wanda galibi shi ne a bakin tiyon famfunan da aka yi don kasuwar Faransa. Ka kai shi gidan da aka shimfiɗa rabin inci ba tare da mahaɗi ba, ba zai ɗauru ba, a ce kayanka ne ba kyau. Duk wanda ke ƙetara iyaka da famfo, ya ƙetara da mahaɗinsa.

To yaya za ka san ƙarfin ruwan gidan mutum kana zaune a shago? Matambayi ba ya ɓata. Ni tambaya uku nake yi kafin in sauko da kwali daga kanta.

Ta farko: ruwan gidanka daga ina yake zuwa? Daga bututun gari kai tsaye, ko daga tanki, ko akwai injin tura ruwa a tsakani? Mai rijiyar burtsatse zai ce maka injinsa mai ƙarfi ne. Ka ce masa injin nan tanki yake cikawa. Daga tanki zuwa kicin kuwa tsayi ne kawai ke aiki.

Ta biyu: in tanki ne, ina yake, kuma kicin yana ina? Gidan bene da tanki a kan rufi, kowane hawa ka sauko ruwa yana ƙara kusan bar 0.3, don hawa ɗaya kusan mita 3 ne. Famfon da ya yi kyau a kicin na ƙasa zai iya zama abin haushi a ɗakin uwargida na sama. Gida ɗaya, tanki ɗaya, famfo iri biyu.

Ta uku: bokiti mai lita 10, minti nawa yake ɗauka kafin ya cika? In bai sani ba, ya buga waya gida, a buɗe famfon da ya fi kusa da kicin gaba ɗaya, a duba agogo. Abin da na gani a aikina shi ne: in ya cika cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, hankalina ya kwanta. In ya ɗauki minti biyu, sai in ba shi mai faɗin hanya. In ya wuce haka, tsohon famfon murɗawa ya fi masa alheri, ko da ribarsa kaɗan ce a wurina. A gwada da safe lokacin da unguwa duka ke ɗibar ruwa, a sake gwadawa da dare. Kuma in tanki na sama sosai amma bokiti na jinkiri, to bututu ne ya yi siriri, ko gwiwoyinsa sun yi yawa, ko wani abu ya toshe shi.

In mai gida ya nace shi dai mai dogon wuya yake so, don ya gani a gidan abokinsa, kada ka hana shi, amma ka gaya masa kuɗin da ke biye. Ko ya ɗaga tanki, ko ya sauko da bututu mai faɗi daga tanki, inci ɗaya ko uku bisa huɗu, sai dab da famfo a rage, ko ya sayi ƙaramin injin tura ruwa, wanda shi kuma sai da wuta ko sola. Wani lokaci cire 'yar robar nan ta bakin famfo kaɗai tana kawo sauƙi. Ka faɗa masa duka, ya zaɓa da idonsa biyu.

Kada kuma ku ɗauka raunin ruwa ne kawai matsala. Ƙarfi in ya yi yawa shi ma ɓarna ne. Gidajen da ke kusa da shato, ko waɗanda ke gangare, ko masu babban inji, ruwa kan zo musu da ƙarfi sosai, musamman tsakar dare da kowa ya rufe famfonsa. Alamarsa ita ce ka rufe famfo ka ji bututu ya buga kamar an doka guduma a bango. Irin wannan gida shi ke fasa tiyo cikin dare, a wayi gari buhun shinkafa da garin tuwo suna iyo a kicin. A nan ne famfo mai araha ke tona asiri. Akwai wanda aka yi da tagulla, akwai wanda aka yi da wani ƙarfe mai gautsi da ake kira zamak, aka shafe su da ƙyalli iri ɗaya. Ɗauki biyun a hannu, na tagulla ya fi nauyi. Leƙa cikin zaren, na tagulla za ka ga rawaya, ɗayan kuwa toka-toka. Araha ba ta ado. Gidan da ƙarfin ruwansa ya wuce bar 5, a sa masa na'urar rage ƙarfi a mashigar ruwa, galibi a kan bar 3 ake saita ta.

Abu na ƙarshe a kan aikin shi ne yashi. Garuruwanmu da yawa ruwa na zuwa ne yana ɗaukewa, in ya dawo kuma iska ce ke fara fitowa, sannan laka da yashi. Rijiyar burtsatse ma tana jawo nata. Tsohon famfo ba ruwansa, zai tofar da su. Na zamani kuwa rariyarsa za ta toshe, yashi ya karce fayafan tangaran ya fara ɗiga. Rabin famfunan da ake kawo mini a ce sun mutu, rariya kawai nake kwancewa in wanke, in ta yi farin gishiri-gishiri in jiƙa ta a ruwan lemun tsami, in mayar. Ku gaya wa mai saye ya sa a saki ruwa ya wanke bututu kafin a ɗaura sabon famfo, a kuma sa matata a mafitar tanki. Maganar minti ɗaya ce, amma tana hana rigimar wata guda.

Mai girma shugaba, ina da roƙo biyu ga ƙungiya. Na farko, a buga mana 'yar takarda da boko da ajami, mai ɗauke da wannan lissafi: mita 10 bar 1, da MPa, da psi, da sunayen awo na ɓangarorin biyu, kowane mai kayan famfo ya manna a shagonsa. Na biyu, kowane reshe ya sayi agogon auna ƙarfin ruwa ko da guda ɗaya ne, wanda ake ɗaurawa a bakin famfo allura ta nuna, a riƙa ara wa 'yan ƙungiya. Mu kuma manya mu zaunar da yaran shagunanmu mu koya musu tambayoyin nan uku, don su ne ke gaban kanta lokacin da muke kan hanya.

'Yan uwa, mun ga rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020. Mun sake ganin wani daga 2023 har Maris na 2024. A lokutan nan, wa ya tsira a cikinmu? Wanda mutane suka yarda su tura masa kuɗi ba su ga kaya ba, wanda aka ɗaga wa bashi don an san halinsa. Wannan yarda a kan ƙananan abubuwa ake gina ta, irin su ka ce wa mutum wannan da ka zaɓa ya fi tsada, ya fi mini riba, amma ba zai yi aiki a gidanka ba. Mai wake ya san irin tasa maganar, mai atamfa ta san tata, mai dabbobi ya san tasa.

Alhajin nan da na ba ku labari, da na fahimci kuskurena na ɗauki famfo uku na tagulla da mai gyara, na je gidansa da ƙafata na ba shi haƙuri. Bai karɓa nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da ya dawo shagona bayan shekara huɗu, abin da ya fara ce mini shi ne: tankin wannan gidan mita 6 ne, me za ka ba ni? Har yau muna tare, 'ya'yansa ma a wurina suke saye.

 In na yi kuskure a lissafi, masu gyaran famfo da ke cikinmu su gyara mini bayan taro. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya kiyaye hanya, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.